Likitar da ta tambayi sunan cutar

Shekaru kaɗan da suka wuce na yi jinyar ɗan ƙanwata na kwana tara a ɗakin yara na wani asibiti. Shi namu zazzaɓi ne ya kwantar da shi, kuma Allah ya ba shi lafiya muka koma gida, amma yaron da ke gadon kusa da namu har yau bai bar zuciyata ba. Bai wuce shekara biyu ba. Wanda ya hango shi daga bakin ƙofa zai ɗauka yaro ne mai ƙiba, domin kumatunsa a cike suke, ƙafafunsa sun yi suntum suna sheƙi, sai an matso kusa ake ganin gashin kansa ya yi ja-ja ya yi laushi yana zubewa a kan matashi, fatar cinyoyinsa kuma tana ɓarewa kamar tsohon fenti a jikin bango. Ba ya tsala kuka irin na yaron da ke da ƙarfin yin kuka, sai wani ɗan gunji na ƙorafi da ba ya yankewa, kuma ko an kai masa cokali baki sai ya kau da kai.

Da likita ta zo zagayen safe, sai ta kama ƙafafunsa biyu ta danna babban yatsa a bayan kowacce, ta ɗan jira kamar mai ƙirga uku, sannan ta ɗaga. Gurbin yatsunta ya zauna a wurin kamar an danna ɗanyen yumɓu. Ba ta ce komai a kan haka ba, sai ta jawo kujera ta zauna kusa da uwar ta ce, "Maman yaro, yaushe kika yaye shi?" Matar ta ce, "Wata huɗu ke nan, Likita." Ta ce, "Me ya sa kika cire shi?" Matar ta sunkuyar da kai, ta dafa cikinta da ya fara turo zani. Likitar ta gyaɗa kai, ta ci gaba da tambayar abin da yake ci tun daga ranar, da wanda yake ba shi, da sau nawa a yini, da ko a wurinta yake kwana ko an kai shi wurin kaka.

Daga baya na gane cewa waɗannan tambayoyi, kusan a wannan jerin, wata mace ce ta shigar da su cikin aikin likitancin yara fiye da shekara 90 da suka wuce. Sunanta Cicely Williams, kuma tun da na fara karanta tarihinta nake ganin ya kamata masu karatu da Hausa su san ta, domin cutar da ta bayyana wa duniya, wato kwashiyoko, tana cikin nau'o'in tamowa mafi kisa har gobe.

An haife ta ranar 2 ga Disamba, 1893, a yankin Westmoreland na tsibirin Jamaika, a gidan Turawan Birtaniya da suka daɗe da zama a can. Mahaifinta babban jami'in ilimi ne a tsibirin. An kai ta Ingila karatun sakandare, amma ba ta fara karatun likita ba sai bayan rasuwar mahaifin a 1916, tana da shekara 23, lokacin da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya kwashe samari zuwa fagen daga har jami'ar Oksfod ta ga ba ta da zaɓi sai ta buɗe wa mata ƙofa. Ta kammala a 1923 bayan horo a asibitin King's College da ke Landan, sannan ta yi aiki a wani asibitin yara a unguwar Hackney, inda talakawan birnin suke, ta ga yadda ƙarancin jini da rashin abinci suke cin yaran ma'aikata a babban birnin daular da ake cewa rana ba ta faɗuwa a cikinta. Sai dai da mazan suka dawo daga yaƙi, guraben aiki suka koma hannunsu, mata likitoci suka shiga neman inda za su raɓa. Ta yi ɗan aiki a Girka cikin 'yan gudun hijira a wajen birnin Salonika, ta dawo Landan ta yi kwas a kan cututtukan ƙasashe masu zafi, a 1929 kuma aka ɗauke ta a sashen likitoci na mulkin mallaka aka tura ta Gwalkwas, wato Gana ta yau. Muƙamin da aka ba ta na "mace likita" ne, wanda albashinsa bai kai na maza ba, kuma ba ta taɓa ɓoye rashin jin daɗinta da wannan bambanci ba.

Ta yi aiki a Koforiduwa da Kumasi, amma a Asibitin Yara na Gimbiya Marie Louise da ke Akra ne ta fi daɗewa tana kallon abin da ya zama silar sunanta. Ta lura cewa jariran da ke shan nono galibi lafiyarsu ƙalau, har sukan fi na unguwannin talakawan Landan kyan gani, amma akwai wani rukuni na yara tsakanin shekara ɗaya zuwa huɗu da ake kawowa a kumbure, da gudawa, da gyambo a baki, da fata mai ɓarewa, kuma mafi yawansu ba sa tashi. Babu abin da ta karanta a littattafan da aka koyar da ita da ya dace da wannan hoto. Abin da ta yi a nan shi ne ya bambanta ta da sauran likitocin zamaninta: ta riƙa zama da iyaye mata tana tambayar tarihin kowane yaro tun daga haihuwa, ta kuma riƙa rubutawa a kati, har ta ga zare ɗaya yana ratsa labaran. Ko dai uwar ta rasu, ko ta sake ɗaukar ciki an cire yaron daga nono, ko kuma an miƙa shi ga wata tsohuwa da nononta ya kafe, kuma a duk waɗannan halaye abin da ya maye gurbin nonon shi ne kunun masara, safe da rana da dare.

Ba ta tsaya a nan ba, ta shiga binciken gawarwakin yaran da suka mutu, inda ta ga hantarsu ta yi fari ta cika da kitse. Yana da kyau a tuna cewa a wancan zamani babu maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su fenisilin, saboda haka ɗan yanka a yatsa yayin buɗe gawa yana iya zama ajali, kuma hakan ya kusa faruwa da ita, domin ta taɓa yankewa ta kwanta ciwo mai tsanani. A 1933 ta buga bayaninta na farko a wata mujallar likitocin yara ta Ingila, inda ta kira abin cuta ce ta abinci da ke da alaƙa da cin masara. A 1935 ta sake bugawa a mujallar Lancet, kuma a wannan karon cutar ta zo da suna, wato kwashiyoko.

Wannan suna shi ne ya fi jan hankalina a duk tarihin matar. Ta san Latin da Girkanci gwargwadon yadda kowane likita ya sani, kuma al'adar sana'ar ita ce a ƙera wa sabuwar cuta suna daga waɗannan harsuna, ko a liƙa mata sunan wanda ya fara rubuta ta. Ita kuwa sai ta ɗauki kalmar da mutanen Ga, mazauna Akra, suke kiran ciwon da ita, ta sa a kan takardarta yadda ta ji shi. Ma'anar kalmar ita ce ciwon da yaro ke kamuwa da shi idan aka yi masa ƙane, wato ciwon wanda aka ture daga ƙirjin uwa. Duk wanda ya san abin da ake nufi idan aka ce mace ta yi kwanika zai fahimci maganar ba tare da dogon bayani ba. Abin lura shi ne sunan ya ƙunshi dalilin cutar gaba ɗaya, ya faɗi wanda take kamawa, ya faɗi lokacin da take kama shi, ya kuma nuna inda za a nemi maganinta. Matan Ga sun riga sun haɗa ciwon da yaye tun kafin wani Bature ya zo da ma'aunin zafi, kuma gaskiya ita ce rabin binciken nasu ne, duk da cewa sunan likitar ne duniya ta riƙe a matsayin mai binciken. Ba kuma ita ce mutum na farko da ya taɓa ganin irin wannan ciwo ba, domin tun a 1906 wasu likitocin Jamus biyu, Czerny da Keller, sun rubuta a kan lahanin da ciyar da jarirai da zallar gari yake jawowa. Abin da ta ƙara shi ne cikakken hoto da ya haɗa alamomin jiki, da abin da ke cikin hanta, da abin da ke faruwa a cikin gida. Ma'aikaciyar mulkin mallaka ce, wannan ba abin ɓoyewa ba ne, kuma tsarin da ta yi wa aiki bai ɗauki matan da ke layin asibiti a matsayin masu ilimi ba. Shi ya sa tambayar da ta yi musu take da nauyi a wurina.

Manyan masana a Landan ba su karɓi maganarta ba. Wanda ya fi tsananta mata shi ne Hugh Stannus, wanda ya yi aiki a Nyasaland, Malawi ta yau, kuma ake ganinsa a matsayin gwani a kan cututtukan abinci na Afirka. Shi a ganinsa wannan ba sabuwar cuta ba ce, felagra ce kawai, wadda aka daɗe da sanin tana kama masu dogaro da masara, kuma wata 'yar likita da ba ta da ɗakin gwaji ba ta isa ta ce ta gano wani abu dabam ba. Hujjarsa ba ta banza ba ce, tunda duka cututtukan biyu suna bin masara, duka suna ɓata fata, duka suna kawo gudawa. Amsar da ta ba shi amsa ce ta wadda ta ga yaran da idonta. Felagra tana ƙona fata ne a inda rana ke duka, kamar bayan hannu da wuya da fuska, amma wannan ciwon yana fitowa ne a inda fata ke gogar juna ko take danne, kamar matsematsi da ɗuwawu da bayan gwiwa. Felagra ta fi kama manya, wannan kuwa yaran da aka yaye yake bi. Da aka gano a 1937 cewa rashin sinadarin niyasin ne ke kawo felagra, sai aka samu hanyar raba gardama, domin yaran da ke da kwashiyoko ba sa warkewa da niyasin. Wani likita, Hugh Trowell, wanda ya yi aiki a Yuganda kuma da farko ya kira ciwon felagrar jarirai, daga baya ya dawo kan maganarta. A 1952 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoton wasu masana biyu, Brock da Autret, a kan cutar a Afirka da wannan suna na Ga, kusan shekara 20 bayan takardarta ta farko.

A nan akwai wani abu da ya kamata a faɗa, domin ana yawan sauƙaƙa labarin a ce ta gano cewa rashin furotin ne ke kawo kwashiyoko, shi ke nan. Ita kanta ta fi haka taka-tsantsan, domin abin da ta rubuta a 1933 shi ne ba za a iya kore yiwuwar ƙarancin furotin ko wani ɓangare nasa ba. Waɗanda suka zo bayanta ne suka mayar da wannan zato ya zama aƙida, har hukumomin duniya suka shafe shekarun 1950 da 1960 suna zuba kuɗi wajen ƙera abinci mai furotin daga garin kifi da sauransu, kafin wani masanin abinci, Donald McLaren, ya rubuta a 1974 cewa an yi kuskuren mayar da hankali kan furotin alhali yawancin yaran abincin ne gaba ɗaya bai ishe su ba. Har yau masana suna binciken dalilin da ya sa yara biyu za su ci abinci iri ɗaya, ɗaya ya rame ya bushe, ɗaya kuma ya kumbura. An duba gubar da fumfuna ke bari a hatsi, an duba ƙarancin sinadaran da ke kare ƙwayoyin jiki, a 2013 kuma wani bincike a kan tagwaye a Malawi ya nuna cewa ƙananan halittun da ke zaune a hanji suna da hannu a ciki. Madarar da ake fara bai wa irin yaron da na gani a asibiti, wadda ake kira F-75, da gangan aka rage mata furotin, saboda jikin da ya daɗe cikin yunwa ba ya iya ɗaukar nauyi farat ɗaya, kuma cika shi da abinci mai ƙarfi a kwanakin farko yana iya tsayar da zuciya. Ba a ba shi maganin fitsari don a sace kumburin, ba a ba shi sinadarin ƙarfe sai ya fara murmurewa, ana lulluɓe shi don kada sanyi ya kama shi, ana ba shi madarar kaɗan-kaɗan dare da rana don kada sukarin jininsa ya faɗi. Bayanin sinadarai ya yi ta sauyawa, amma abin da ta gani a bakin gado, wato wane yaro ne, a wane lokaci, bayan wane sauyi a gida, yana nan inda ta bar shi.

A 1936, bayan saɓani da manyanta a wurin aiki, aka ɗauke ta daga Gwalkwas aka tura ta Malaya, wato yankin Malesiya da Singafo na yau. A can ta tarar da matsalar ta juya baya. A Akra jarirai suna tsira ne saboda nono, sai bayan yaye suke shiga haɗari, a Singafo kuwa tun a watannin farko suke mutuwa, domin an raba su da nonon tun daga haihuwa. Kamfanonin madarar gwangwani suna ɗaukar 'yan mata su sa musu fararen kaya irin na ma'aikatan jinya, su bi gidajen talakawa suna gaya wa masu jego cewa madara mai zaƙi ta gwangwani ita ce abincin jariri na zamani. Uwar da ba ta da kuɗi za ta tsinka madarar da ruwa mai yawa don gwangwani ya kai mako, ruwan ba tafasasshe ba, kwalbar ba wankakkiya ba, a ƙasa mai zafi da babu firji. Sakamakon shi ne gudawa da rama, ga makanta saboda irin wannan madara ba ta da isasshen bitamin A, kuma kafin uwar ta farga nononta ya kafe, babu hanyar komawa. Abin da ya sa maganarta a kan wannan take da ƙarfi shi ne ita ma ta yi amfani da madarar gwangwani tare da man hantar kifi wajen jinyar yaran Akra, saboda haka ta san bambancin madara a hannun likita ga yaron da ya rasa nono, da madara a hannun ɗan kasuwa da ke neman raba jariri da nonon da yake da shi.

A 1939 aka gayyace ta ta yi jawabi a ƙungiyar Rotary ta Singafo, wurin da manyan 'yan kasuwar birnin suke taruwa cin abinci. Taken da ta ba jawabin shi ne madara da kisan kai. Ta gaya musu cewa duk wanda ya yini yana kallon jarirai suna mutuwa saboda ciyarwar da ba ta dace ba, kamar yadda take yi, zai yarda cewa farfagandar ƙarya a kan abincin jarirai laifi ne da ya cancanci hukunci, kuma ya kamata a ɗauki waɗannan mace-mace a matsayin kisa. Ina yawan tunanin irin ƙarfin zuciyar da mace ma'aikaciyar gwamnati, wadda aka riga aka sauya wa wurin aiki sau ɗaya saboda rashin yin shiru, take buƙata kafin ta tsaya gaban masu kuɗin gari ta faɗi haka. Duniya ba ta amsa mata ba sai bayan shekara 42, a 1981, lokacin da Babban Taron Lafiya na Duniya ya amince da ƙa'idar tallata abincin da ke maye gurbin nono, da ƙuri'a 118, Amurka kaɗai ta ƙi. Ƙa'idar ta hana tallata irin wannan madara ga jama'a kai tsaye, ta hana raba wa iyaye mata samfur kyauta, ta kuma hana ma'aikatan kamfani zuwa wurinsu, wato ainihin abin da ta gani a lungunan Singafo.

Williams tana aiki a jihar Tarengganu lokacin da Jafan ta mamaye Malaya a Disamban 1941. Ta ratsa daji da duwatsu ta isa Singafo, ta ci gaba da kula da yara ana ruwan bama-bamai, har birnin ya faɗi a Fabrairun 1942 aka tsare ta tare da sauran fararen hula a kurkukun Changi. A cikin kurkukun ma aikin likita ta ci gaba da yi, har matan da ke tsare suka zaɓe ta shugabarsu na wani lokaci. A Oktoban 1943, bayan an nutsar da wasu jiragen ruwa a tashar Singafo, 'yan sandan sirri na sojan Jafan suka zargi fursunonin da hannu a ciki, suka kwashi mutane da dama, har da ita. Ta yi kimanin wata biyar a wani ɗan ƙuntataccen ɗaki tare da maza, cikin yunwa da ƙazanta, tana jin ihun waɗanda ake azabtarwa, wasu daga cikinsu suna mutuwa a gabanta. Ta fito gashinta ya yi fari, jikinta ya zube, kuma cutar beriberi, wadda rashin bitamin B1 ke kawowa, ta bar mata mutuwar jijiya a ƙafafu har ƙarshen rayuwarta. Matar da ta shafe shekaru tana rubuta alamomin yunwa a jikin 'ya'yan wasu ta zo ta karanta su a nata jikin. Duk da haka, abin da ta fi alfahari da shi daga shekarun tsarewar shi ne jarirai 20 da aka haifa a sansanin, waɗanda duka aka shayar da su nono, kuma duka suka rayu.

A 1948 aka naɗa ta shugabar farko ta sashen lafiyar uwa da yaro a sabuwar Hukumar Lafiya ta Duniya a Janeba. Sunan sashen kansa ya dace da abin da ta yi imani da shi, domin tun a Akra take barin iyaye mata su kwana da 'ya'yansu a asibiti suna ba su abinci da hannunsu, a zamanin da asibitocin yara a Ingila suke taƙaita ziyarar iyaye zuwa ɗan lokaci a mako. A ganinta yaron da aka warkar aka mayar gidan da bai sauya ba zai dawo, saboda haka gadon asibiti wurin koyar da uwa ne, kuma raba aikin rigakafi da aikin magani, a ce wannan ofishin ke awon yara wancan kuma ke duba marasa lafiya, ɓata lokacin matar da ta yi tafiyar sa'o'i da goyo ne. Bayan Janeba ta koma Jamaika a farkon shekarun 1950 ta jagoranci bincike a kan ciwon amai da ke kashe yara a can, wanda aka tabbatar ɗanyen 'ya'yan wani itace da ake kira aki ne ke jawo shi ta hanyar karyar da sukarin jini. Ta koyar a Landan, ta koyar a Jami'ar Amurka da ke Bairut daga 1960, inda ta yi aiki da 'yan gudun hijirar Falasɗinu, daga baya kuma a jami'ar Tulane da ke Amurka.

Wani ɓangare na aikinta da ba a cika ambata ba shi ne shekarun da ta yi a tsakiyar 1960 tana ba da shawara a kan tazarar haihuwa. Wanda ya bi tarihinta daga farko ba zai yi mamaki ba, tunda cutar da ta yi suna a kanta cuta ce ta yaron da ƙanensa ya zo da wuri. Ba ta zo wa wannan batu daga lissafin yawan jama'a ba, ta zo masa ne daga gadon yaron da aka cire daga nono yana wata goma sha huɗu, da uwar da ke ɗauke da ciki da goyo a lokaci guda jininta bai dawo ba. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya take bayarwa a yau, cewa a bar aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin wani cikin, da cewa a shayar da jariri nono zalla wata shida sannan a ci gaba da ba shi tare da abinci har shekara biyu ko fiye, duk suna komawa ne ga kare wannan yaro da matan Ga suka sa wa ciwonsa suna.

Yaron da ke kusa da gadonmu yana nan lokacin da aka sallame mu. A kwana na shida kumburin ya fara sacewa, sai ga ainihin jikinsa ya bayyana, ƙashi da fata, har uwar ta tsorata ta ce wa ma'aikaciyar jinya, "Sista, ai ramewa yake yi." Ita kuwa ta ce mata, "Ruwan ne yake fita, Maman yaro, yanzu ne muka fara samun sa." A kwana na takwas na ga ya miƙa hannu da kansa ya kama kofin madarar, kuma da likitar ta zo ta kaɗa masa makullanta, sai gefen bakinsa ya ɗan motsa. Ta juya ta ce wa ɗaliban da ke bin ta su rubuta ranar, domin a wannan ciwo murmushin farko alama ce da ake dogara da ita.

Cicely Williams ta samu lambar James Spence ta likitocin yaran Birtaniya a 1965, Jamaika ta ba ta lambar girmamawa ta ƙasa, Jami'ar Gana kuma ta ba ta digirin girmamawa a 1986, shekara 50 bayan an ɗauke ta daga ƙasar. Ta ci gaba da halartar taruka tana magana har ta haura shekara 90, ta rasu a Oksfod ranar 13 ga Yuli, 1992, tana da shekara 98. A kundin rarraba cututtuka na duniya, bugu na goma, wanda asibitoci suka daɗe suna amfani da shi wajen rubuta abin da ya kwantar da mutum ko ya kashe shi, babin tamowa yana farawa ne da lamba E40, kuma abin da aka rubuta a gabanta shi ne wannan kalma ta matan Ga.